Daga Kwalba Mai Kusurwa Huɗu Zuwa Ƴar Leda: Tarihin Barasar Jin da Iyakarmu

Ƴan uwana ɗalibai, duk wanda ya saba zama a tasha, ko yake cin kasuwannin bakin iyaka, ya san ƴar ledar nan da ake miƙawa ta ƙarƙashin tebur. Ba ta kai tafin hannu ba. Wani ya ce maganin sanyi ce, wani ya ce ta basir ce, ɗan kabu-kabu ya ce ita ke kashe masa gajiya. In ka juya ledar ka karanta, sau da yawa kalma ɗaya za ka tarar da manyan baƙaƙe: GIN. Da bakinmu sai mu ce "jin", ko da yake wanda ya sha ta, jin magana ne abu na farko da yake bari.

Na zaɓi in rubuta tarihinta a ɗan littafinmu na wannan karo don a lakwal an koya mana yadda Nasara suka ci ƙasashenmu da bindiga da takardar yarjejeniya, amma ba a cika faɗa mana abin da ke cikin kofinsu ba, balle abin da ke cikin akwatunan da jiragensu suka sauke. Alhali jin tana cikin labarin tun daga farko. Da ita aka sayi manja, da harajinta aka tafiyar da mulki, kuma saboda ita aka ja wani layi a taswira wanda mu mutanen Sassumbrum da Magarya da Dungas muka faɗa cikinsa ba tare da an tambayi kakanninmu ba. Addininmu ya riga ya yanke hukunci a kan barasa, wannan kowa ya sani. Ni tarihi na zo da shi, don mu san hanyar da ta biyo.

Giyar da muka sani kafin ta zo

Kada wani ya ce Nasara ne ya fara kawo maye ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano, da yake lissafa manyan mutanen Barbushe na Dutsen Dala, ya ambaci maƙeri da mai magani, ya kuma ambaci Bugazau, mai dafa giya. Ke nan sana'a ce mai suna tun kafin Musulunci ya kafu. Maguzawa, waɗanda a nan ɓangarenmu ake ce wa Anna, sun ci gaba da dafa ta da dawa: a jiƙa, a bar ta ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, sannan a ajiye ta ta tashi. Ita ce burkutu.

Abu biyu nake so mu riƙe game da wannan giya. Ƙarfinta kaɗan ne, barasar da ke ciki ba ta cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba. Sannan ba ta ajiyuwa. Kwana biyu ta yi tsami, sai zubarwa. Shi ya sa ba ka taɓa jin an ce fatake sun ɗora burkutu a jaki sun kai Gwanja ko Agadas ba. A inda aka dafa ta nan ake shanye ta, ranar biki ko ranar gayya, a gaban manya da suka san ɗan wane ya wuce gona da iri. Da Musulunci ya yi ƙarfi, musamman bayan jihadin Shehu Usmanu na 1804, sai ta ja da baya zuwa ƙauyukan Anna da bayan gari.

Jin wata halitta ce dabam. Tace ta ake yi da wuta. Barasa tana zama tururi a wajen digiri 78, ruwa kuwa sai ya kai 100, saboda haka in ka ɗora tsimi a wuta, ka tare tururin farko ka sanyaya shi, abin da zai ɗigo ya ninka ƙarfi sau da yawa. Jin da ake sayarwa tana kai kashi 40 cikin 100. Kuma ba ta lalacewa ko ta shekara goma a kwalba. To, abin da ba ya lalacewa ai shi ne haja. Nan bambancin yake.

Wani abin mamaki, fasahar tacewar nan malaman duniyar Musulunci ne suka inganta ta, don turare da magani. Al-Kindi, a Bagadaza cikin ƙarni na 9, ya rubuta littafi guda a kan haɗa turare da tace shi. Tukunyar tacewar da Faransawa ke kira alambic, daga Larabci al-anbiƙ ta fito. Ita kanta kalmar alcool daga al-kuhl take, wato kwallin nan da iyayenmu mata ke sawa a ido. Turai ta karɓi tukunyar ruwan wardi ta juya ta wani wajen.

Inda aka haife ta

A Holan aka fara ta, ƙarni na 16 zuwa na 17. Ana tace tsimin hatsi, a sa masa ƴaƴan wani itace da ba ya fitowa a ƙasarmu, wanda Faransawa ke ce wa genièvre. Daga sunan nan Holawa suka sami jenever, Ingilishi suka gutsure shi ya koma jin. Da farko a shagon masu magani ake sayar da ita, wai tana wanke ƙoda tana gyara ciki. Ku riƙe wannan, don za mu sake gamuwa da maganar "magani ce" har ƙarshen labarin.

A 1689 wani basarake daga Holan, William na Orange, ya hau gadon Ingila. Yana gaba da Faransa, sai aka toshe barasar Faransa, aka sakar wa kowa mara ya tace tasa a gida. Cikin shekara talatin zuwa arba'in Landan ta rikice. Jin ta yi arha har talakan da ba ya iya sayen nama yana iya buguwa kullum. A 1736 majalisa ta sa doka mai tsanani, jama'a suka yi biris da ita. A 1751 mai zane William Hogarth ya fitar da hoton wata unguwar mashaya, inda uwa a buge jaririnta ke suɓucewa daga hannunta zai faɗa ƙasa ba ta ma sani ba. A wannan shekarar aka sake wata doka da ta taƙaita masu sayarwa, hatsi kuma ya yi tsada, sannan abin ya lafa.

Dalilin da ya sa na tsaya a nan shi ne: Turai ta ga abin da jin mai arha ke yi wa talaka da idonta, a kan ƴaƴanta, fiye da shekara ɗari kafin ta cika jiragen ruwa da ita zuwa gaɓar Afirka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ke cikin kofin Nasara

Shekaru ɗaruruwa Turawa suna tsaye a bakin teku ba su iya shigowa ciki ba, kuma ba mashi kaɗai ya tsare su ba. Sauro ne. A 1841 Ingila ta aiko jirage uku masu tururi su hau kogin Kwara. Cikin Turawa kimanin 145, sama da 40 suka mutu da zazzaɓi, sauran suka juya. A 1854 wani likita, William Baikie, ya sake hawa Kwara da Binuwai a jirgin Pleiad, ya tilasta wa mutanensa shan kinin kullum. Ko mutum ɗaya bai mutu ba. Wannan Baikie shi ne ya zauna a Lakwaja daga baya, ya koyi Hausa, har ya je Kano a 1862. Daga wannan tafiya Turawa suka gane ƙofa ta buɗe.

Shi kinin daga ɓawon wani itace na duwatsun Andes a Amurka ta Kudu yake. Wasu Faransawa biyu masu ilimin haɗa magani, Pelletier da Caventou, su suka ware shi daga ɓawon a 1820. Matsalarsa ɗaci, ɗacin da ya fi na maɗaci. Sojan Ingila a Indiya sai suka riƙa narka shi a ruwa mai gas da sukari, wanda aka sa wa suna tonik, kamfanin Schweppes ma ya shiga sayar da shi cikin shekarun 1870. Don ya wuce maƙogwaro sai su zuba jin a kai, su matsa lemun tsami. Wannan shi ne haɗin da har gobe ake sha a manyan otal na duniya ana taƙama da tsufansa.

Sauran tsofaffin haɗe-haɗen ma duk labarinsu ɗaya. Akwai wanda ake ɗiga wa jin wani ɗaci mai suna Angostura har ta yi ja-ja. Wani likita Bajamushe, Siegert, ya haɗa wannan ɗaci a 1824 a ƙasar Benezuwela don ciwon cikin sojojin Simon Bolivar, sojan ruwan Ingila suka ɗauka, ya zama abin shan Turawan mulki a gaɓar Afirka ta Yamma. Akwai wanda ake haɗawa da ruwan lemun tsami na kwalba, shi kuma asalinsa dokar 1867 ce da ta wajabta wa jiragen Ingila ɗaukar lemun tsami don ciwon da ke sa dasashi zubar da jini in an daɗe a teku ba ɗanyen abinci. Faransawa nasu salon dabam: a ruwan inabi suka sa kinin. A 1846 Joseph Dubonnet ya fitar da irin wannan a Paris, don sojan Faransa da ke Arewacin Afirka su yarda su sha magani. Daga baya aka riƙa haɗa Dubonnet kashi biyu da jin kashi ɗaya, haɗin da aka san Sarauniya Elizabeth ta Biyu da sonsa. Ka ga Faransa da Ingila a kofi ɗaya, kamar yadda suka haɗu a kanmu.

In ka dubi kofin da kyau taswirar mulkin mallaka ce: barasa daga Turai, ɓawon itace daga Amurka ta Kudu, sukari daga gonakin rake da bayi suka noma, dabara daga barikin Indiya. Hannun da ke haɗawa kuwa, a Damagaram ko a Kano, galibi namu ne. Boyi ne ko kuku, sau da yawa Musulmi mai salla, shi zai sanyaya kwalba a randa ko ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma kafin zuwan firji mai kananzir, ya jera kofuna a baranda da la'asar sakaliya, ya koma gefe ya tsaya.

To, shin magani ne? A zamanin can kinin ɗin ne magani, jin rakiya ta yi masa. Yau kuwa tonik ɗin kanti ɗanɗano ne kawai. A Amurka doka ba ta yarda kinin ya wuce miligiram 83 a lita ɗaya ba. Babban mutum mai zazzaɓin cizon sauro, in da kinin za a yi masa magani, yana buƙatar wajen miligiram 600 sau uku a yini. Ku buga lissafin da kanku: sama da lita 20 ke nan a rana, har kwana bakwai. Jarka guda kullum! Mu da muke ganin yadda asibitin yara na Magarya ke cika maƙil duk damina, inda likitocin MSF ke aiki tun 2005, bai kamata a yi mana wasa da sunan maganin zazzaɓi ba.

Kwalba mai kusurwa huɗu

Waccan jin ta baranda ce, ta Nasara shi da kansa. Akwai ta biyu, wadda aka yi musamman don a sayar wa baƙar fata. Bayan an hana cinikin bayi, Turai ta koma neman manja don sabulu da man injuna. Abin da ta fi biya da shi, ban da tufafi da bindiga, shi ne barasa mai arha daga Schiedam ta Holan da Hamburg ta Jamus. Tana zuwa a koren kwalabe masu kusurwa huɗu, don su zauna daram a akwati, goma sha biyu a kowane akwati. Zuwa farkon ƙarni na 20 miliyoyin galan ke sauka a gaɓar Najeriya kowace shekara.

A yankin bakin Kwara har ta zama kuɗi. Ana biyan sadaki da akwatin jin, ana biyan tara da ita, ana ƙirga arzikin mutum da yawan akwatunan da ya tara. Kwalba kan yi shekaru tana yawo daga hannu zuwa hannu ba a buɗe ta ba, kamar yadda wuri ke yawo a kasuwanninmu. Amma ba duka ke yawo a rufe ba, kuma kogi ya riƙa hawo da ita arewa.

A tsakiyar shekarun 1880 Etsu Nupe Maliki, sarkin Bida, ya aika wa Bishop Samuel Ajayi Crowther wasiƙa. Crowther Bayarabe ne da aka taɓa kama shi bawa, kuma yana cikin tafiyar 1841 da ta 1854 da na ambata. Sarkin ya roƙe shi ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a hana kawo wannan abu ƙasarsa, ya ce ta lalata masa jama'a ta mai da su mahaukata. Kalmar da ya yi ta nanatawa a wasiƙar ita ce tamu ɗin nan: barasa. Sarki Musulmi yana neman taimakon limamin Kirista a kan ƴan kasuwar Turai. Wasiƙar ta yi yawo a Ingila, masu yaƙi da cinikin barasa suka riƙa karanta ta a tarurrukansu.

Layin 1890 da iyakarmu

A watan Yuli na 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels. Babban batunta cinikin bayi ne, amma akwai babi a kan barasa. Suka ja layi biyu a taswirar Afirka, ɗaya a digiri 20 arewa, ɗaya a digiri 22 kudu. Tsakaninsu, duk inda jama'a ba su saba da tatacciyar barasa ba, saboda addini ko wani dalili, an ce a hana shigar da ita. Inda kuwa an riga an saba, sai a sa haraji, aƙalla faran 15 a kan lita 100, aka ƙara shi a 1899 da 1906. Magarya tana wajen digiri 13 ne, ke nan muna tsakiyar yankin.

Ku lura da shekarar. A 1890 babu Bafaranshe ko ɗaya da ke mulki a Damagaram. Sai a 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a ƙarshen Yuli 1899 aka yi yaƙin Tirmini Faransawa suka shiga birni. Kano sai 1903 ta faɗi. An yi mana dokar sha tun ba a ci mu da yaƙi ba. Ita kanta iyakar da ta raba mu da ƴan uwanmu na Daura da Zango da Ɓaure da Ɓaɓura, sai tsakanin 1906 da 1908 Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ta suna kafa alamomi, guda 148 daga Kwara zuwa tafkin Cadi. Magarya da gidan sarautarta ya fito daga Daura ta koma hannun Faransa, haka ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Waca.

A can ɓangaren, Lugard ya sa Arewacin Najeriya duka cikin yankin hani. Za ka ce ya kyauta, kuma sarakuna sun so hakan. Amma dubi ɗaya fuskar. Kudancin Najeriya ya ci gaba da shigo da jin, harajinta yana ba gwamnatin can wajen rabin kuɗin shigarta kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Arewa kuwa kuɗinta ba sa isar ta, kullum sai an cika mata daga Landan da kuma daga Kudu. Wannan gibin yana cikin manyan dalilan da suka sa aka haɗe Kudu da Arewa a 1914. A 1909 an kafa kwamitin bincike a kan cinikin barasa a Kudu saboda kukan ƴan mishan, kwamitin ya ce bai ga wata ɓarna mai yawa ba. Wa zai yanka saniyar da yake tatsa?

Ga inda abin ya taɓo mu kai tsaye. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma da ƙarfin baitulmalin Kudu aka ci bashin gina ta. Wannan hanyar ce ta mai da gyaɗa abin kuɗi a ƙasar Hausa, kuma ta ita gyaɗar Magarya da Dungas ta yi shekaru tana sauka zuwa teku. Kakanninmu da ba su taɓa ganin koriyar kwalbar ba, buhunansu sun hau dogon da kuɗinta ke ciki.

Hanin ma ba kowa ya hau ba. Nasara yana da izinin shigo da tasa. Dokar barasa ta 1917 ta raba Najeriya kashi-kashi, inda aka hana da inda ake ba da lasisi, unguwannin baƙi irin Sabon Garin Kano suka zama inda ake samu. A ɓangaren Faransa ma kumandan da ƴan kanti ba su rabu da ruwan inabinsu ba. Daga nan barasa ta manne da bariki a tunanin Bahaushe. In an ce wane ɗan bariki ne, kowa ya san abin da ake nufi. Kuma daga nan ta sami wani kwarjini na ƙarya: abin da mai mulki ke sha ne, abin waɗanda suka waye.

A 1919 aka sake wata yarjejeniya a Saint-Germain da ta hana irin jin mai arhar nan gaba ɗaya. Ta zo ta yi tsada, ga karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, sai mutanen gaɓa suka koyi tacewa da kansu daga bammi, da garwa da bututun tagulla. Ita ce ogogoro a Najeriya, akpeteshie a Gana. Gwamnatin mallaka ta sa mata suna haramtacciyar jin, ta yi ta kame, ba don ta fi ta Holan illa kaɗai ba, har da cewa ba ta biyan haraji.

Bayan ƴancin kai

Da Nasara suka tafi, sana'ar ba ta bi su ba. Kamfanin Nigerian Breweries ya fara fitar da Star a Legas tun 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. A Yamai aka kafa Braniger. Jamhuriyar Nijar ba ta hana barasa a dokarta ba, sai dai lasisi da haraji.

A watan Oktoba 1999 gwamnan Zamfara, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'a, cikin 2000 Kano da Katsina da Jigawa suka bi. Dukan jihohin da muke iyaka da su suka hana sayar da giya. Mashaya da dama suka kwashe kayansu suka tsallako, garuruwan bakin iyaka na Nijar, musamman wajen Maraɗi, suka wayi gari da baƙin da ba su gayyata ba. A watan Nuwamba 2000 an ƙona mashayu a Maraɗi lokacin zanga-zangar ƙin bikin FIMA, a Janairu 2015 aka sake ganin irin haka a Damagaram. A Kano ƴan Hisba suna farfasa kwalabe a bainar jama'a, a gefe guda ana ta gardama a kan rabon harajin da gwamnatin tarayya ke karɓa daga giyar da aka sha a wasu jihohi. In kun lura, gardamar zamanin Lugard ce ta dawo da sabuwar riga: a hana a nan, a ci kuɗinta daga can.

Mu ƴan iyaka mun san abin da takarda ba ta sani ba. Duk abin da aka danne a ɓangare ɗaya, ta ɗayan yake ɓullowa. Man fetur ya bi wannan hanya, shinkafa ta bi. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, babura ba su daina bin daji ba.

Ƴar leda

Yanzu mu dawo kan jikanyar koriyar kwalba. Dabarar ɗaya ce da ta Schiedam: a yi ta da arha, a sa ta a mazubin da ke da sauƙin ɗauka. Sai dai leda ta fi kwalba iya ɓuya. Tana shiga aljihun wandon lakwal, ba ta ƙara, ba ta fashewa, kuma an raba ta daidai kuɗin da yaro ke iya samu.

Ƙanƙantarta ce ke ruɗin mutane. Leda mai mililita 50 da ƙarfin kashi 40 tana ɗauke da mililita 20 na zallar barasa. Ƙaramar kwalbar giya mai santilita 33 da ƙarfin kashi 5 tana da 16 da rabi. Ke nan ƴar ledar da ake tsotsewa cikin numfashi ɗaya ta fi kwalbar giya. Wanda ya tsotsi uku ya hau babur ya ɗauki mace da goyo, ku faɗa mini me ya ɗauka. Wannan ma in abin da aka rubuta a jiki gaskiya ne. Inda ake tacewa ba bisa ƙa'ida ba, akan sami wata guba mai suna metanol da ke makantarwa tana kashewa. A 2015 gommai sun mutu a jihohin Ondo da Ribas ta wannan hanya.

Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta yi yarjejeniya da masu masana'antu a 2018 cewa za a daina zuba barasa a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba, aka ba su shekara biyar. Da wa'adin ya cika a farkon 2024 hukumar ta fara kame, sai masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago suka tashi, suna cewa dubban ma'aikata za su rasa abinci. Kun ji muryar kwamitin 1909 ko? Kuma in har hanin ya kama da gaske a can, tarihi ya riga ya nuna mana inda ragowar hajar za ta nufa. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da na ɗauka daga wannan dogon labari shi ne, tun daga shagon magani na Holan har zuwa teburin tasha, jin ba ta taɓa shiga gari da sunanta ba. Ta shiga da sunan maganin ƙoda, ta shiga da sunan rakiyar kinin, ta shiga da sunan kuɗi, yanzu tana shigowa da sunan maganin basir da ƙarfin jiki, an zana saiwoyi da ganye a jikin leda don ta yi kama da ta boka. Kuma a kowane zamani akwai wanda ke ƙirga riba a nesa, shi ba ya sha irin wadda yake sayarwa.

Ban ce mu je mu ƙona rumfar kowa ba, an gwada wannan a Maraɗi da Damagaram, leda ba ta ƙare ba. Abin da ke hannunmu mu ɗalibai ya fi haka sauƙi. Mu ne muka iya karatun abin da ke jikin leda, da Faransanci da Ingilishi. Ƙanenka ko abokinka ɗan kabu-kabu da aka ce wa magani ce, karɓi ledar ka karanta masa, ka nuna masa inda aka rubuta 40, ka buga masa lissafin nan na sama. Mai zazzaɓi kuma a kai shi likita a yi masa gwaji. Etsu Maliki sai da ya nemi wanda zai kai masa kuka Landan. Mu namu kukan ba ya buƙatar jirgin ruwa, a fada da majalisar shayi za a fara shi.

Allah Ya tsare mu, Ya tsare mana ƙannenmu.